Randunan da Suka Shiga Mujalla

Wajen ƙarfe biyu na rana ne, tsakiyar bazara, irin zafin nan na Gadarif ta ƙasar Sudan da ko akuya ba ta son motsi a cikinsa. Iska ta tsaya cak, baƙar ƙasar garin duk ta tsattsage, kowa ya nemi inuwa ya lafe. Zakari yana zaune a rumfar wata mai shayi a bakin kasuwar hatsi, ya soke basillarsa a jikin hula. Ɗinkin bakin buhu ne sana'arsa, na riɗi da na dawa, kuma a wannan lokaci na shekara aikin ba shi da yawa. Yana cikin hura shayinsa sai ga Haladu maƙwabcinsu ya faɗo rumfar yana share gumi, waya a hannu.

Shi Haladu dillalin gidaje ne. Tun da yaƙi ya koro mutanen Khartum da na Madani suka cika gari, bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Yau ka gan shi yana nuna wa wani ɗaki, gobe ka gan shi yana auna fili da ƙafa.

"Zakari ɗan Hajiya, matsa mini. Yau na sa ku a duniya."

"Wace duniya kuma, Baba Haladu?"

"Karɓi ka gani da idonka."

Mujalla ce, irin wadda ake karantawa a waya. 'Yan Sudan mazauna ƙasashen waje ne suke yin ta, in ji Haladu, kuma a wannan fitowar sun jera garuruwan da suka fi daɗin zama a ƙasar yanzu. Gadarif ta zo ta uku. Karatun Zakari na Larabci ba mai gudu ba ne, sai ya bar rubutun ya dubi hoton. Nan ya ajiye kofin shayin. Ƙofar gidansu ce. Ga ƙyauren langalanga shuɗi da ya yi wa fenti da hannunsa, ga darbejiya, ga kan guɗɗiyar Hajiya mahaifiyarsa, wato ɗakin ciyawan nan mai tsini, ya leƙo ta saman zana. A gaba kuma randuna uku a kan ƙarfensu, da moɗa a rataye.

"Me suka rubuta a ƙasan hoton?"

Haladu ya gyara murya ya karanta: "A Gadarif ruwa ya wadata, har mutane suna ajiye shi a bakin hanya domin duk mai so."

Mai shayi ta yi dariya har ta ajiye mafici. "Ruwa? A Gadarif? Ni da na wuni jiya ina jiran mai karo ya kawo ruwan sayarwa a keken jakinsa? A kawo mini wanda ya rubuta, in ba shi jarka ya je ya nemo."

Zakari bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya kai su ƙofarmu?"

"Ni mana. Ka manta yarinyar nan mai kyamara, ƙarshen damina, lokacin da gari ya yi kore shar? Ta ce in nuna mata wuri mai kyau. To ina zan kai ta, bola?"

"Ka tambayi Hajiya?"

"Hoton randa ne sai an nemi izini? Kai dai ba ka da godiya."

To, abin da ya sa hankalin Zakari ya tashi shi ne, gidan ba nasu ba ne. Na wani attajirin riɗi ne, marigayi Hajj Abdurrahim. Shi ya ba mahaifin Zakari wurin tun ana goyon Zakari, ya kafa randunan nan a ƙofa sadaka, ya ce, "Ku zauna, ba na son komai a wurinku. Ku dai kada mai ƙishirwa ya buɗe ya tarar babu." Magana ce ta baki, ba takarda. Mai maganar ya rasu, wanda aka faɗa wa ma ya rasu. Saura Hajiya da Zakari, da ɗan marigayin, Elfadil, wanda ya gaji gidan, ba a ganinsa sai da salla.

Da ya koma gida ya ba Hajiya labari. Tana tankaɗe garin kisra, wainar dawar nan ta Sudan, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gari na uku? To su wa suka zo na ɗaya?"

"Hajiya, ba nan take ba. Duk wanda ya ga hoton nan zai so gidan."

"Ya so mana. So ai ba saye ba ne. Ka duba randar tsakiya, ina jin ta yi ƙasa."

Amma daga ranar idon Zakari ya buɗe. Da can mota ta wuce ba ya ko kallo, yanzu kuwa sai ya ga kowace tana rage gudu a ƙofarsu. Wasu samari biyu suka tsaya suka ɗauki hoton kansu a jikin randunan, ya bi su da ido har suka sha kwana. Ana nan ya hangi Haladu da Elfadil a wata rumfa suna shan gahawar jabana, kawunansu a haɗe, da suka gan shi kuwa Haladu ya ɗaga hannu da fara'ar da ta yi yawa. Ba a jima ba sai ga Elfadil da kansa ya zo gaishe da Hajiya, ba salla ba, ba rasuwa ba, har da ƙullin sukari da ganyen shayi.

Hajiya ta yi ta sa masa albarka. Zakari yana gefe yana kallon idon mutumin. Bakinsa yana amsa gaisuwa, idonsa kuwa yana tafiya daga zana zuwa zana, daga darbejiya zuwa banɗaki. Da zai fita ya tsaya a wurin randunan, ya ɗaga murfin ɗaya ya leƙa, ya mayar. Bai sha ba.

"Kin ga abin da ya yi?" in ji Zakari.

"Na ga ya kawo sukari."

"Sukarin sallama ne, Hajiya."

"Kai Zakari, zuciyarka ta faye lissafi. Ubanka bai kasance haka ba."

A makon ne aka aiko daga garin Fau cewa ƙanwar Hajiya ba ta da lafiya. Ta ɗaure kayanta, Zakari ya raka ta tasha. Har ta zauna a mota ta leƙo ta taga ta ce, "Randuna, Zakari."

"Na ji, Hajiya."

Kamar jira ake ta tafi. Washegari da la'asar sai ga Haladu da wani baƙo, dogo, da tabarau, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe. Sunansa Mutaz. Mai shagon magani ne a Khartum kafin yaƙi, yanzu shi da matarsa da 'ya'yansa suna raɓe a ɗaki ɗaya a gidan surukai. Ɗan'uwansa da ke ƙasar waje ne ya turo masa mujallar, ya ce ya nemi gida a wannan gari, zai taimaka.

"Kallo kawai muke yi," in ji Haladu, yana kauce wa idon Zakari. "Unguwar yake so ya gani."

Baƙon mutum ne mai ladabi, har Zakari ya ji haushin ladabin. Bai nemi shiga ba. Ya tsaya a inuwar darbejiya, abin da ya fara tambaya kuwa shi ne abin da kowa ke fara tambaya a Gadarif.

"Ya ustaz, yaya ruwa a nan?"

Kafin Zakari ya buɗe baki Haladu ya riga shi. "Ga shi kana gani." Ya ɗebo a moɗa ya miƙa masa. Mutaz ya sha, ya lumshe ido, ya ce, "Wallahi sanyi kamar daga firji. Ashe dai gaskiya suka rubuta. Inda muke, matata har kuka take yi a kan ruwan wanka." Suna tafiya Zakari ya jiyo Haladu yana cewa Juma'a bayan masallaci mai gidan zai zo da kansa.

Zakari ya daɗe a tsaye yana kallon randunan. Shi ya san abin da suke ci. Kullum sai ya tari mai karo, ya roƙa, ya jira jakin ya ga dama, a sauke wa randuna kafin a sauke wa cikin gida. Sau nawa suka yi alwala da ɗan kofi don na ƙofa ya cika. Yanzu kuma wahalar tasu ce za ta zama tallar da za a sayar da gidan da ita. Ya ce a ransa, tun da ruwa baƙon ya gani ya so, to bari ya zo ya ga gaskiyar garin. Maganar marigayi kuwa, wa ya rage da yake tuna ta? Elfadil da ke auna zana da ido?

Ya ɗauko bokiti ya kwashe ruwan randunan tas, ya shigar cikin gida.

Kwanakin da suka biyo ba su yi masa daɗi ba. Randa in ta bushe fari take yi, kamar fuskar mai jinya. Yana zaune a ciki sai ya ji an ɗaga murfi, moɗa ta bugi gindin randa ƙwal, a ɗaga na biyu, a ɗaga na uku, sannan takun tafiya. Wata rana ya leƙa ta ramin zana, ya ga leburori ne 'yan Habasha, da buhunan kayansu a kafaɗa, suka dubi juna suka wuce. Ya kusa kiran su. Sai ya tuna tabaraun Mutaz, ya koma ya zauna.

Ranar Alhamis Haladu ya tare shi a ƙofa.

"Ɗan Hajiya, randunanka sun bushe."

"Na sani."

"Mai karo ne bai zo ba? In yi masa waya?"

"Ka yi wa mujalla waya, Baba Haladu. Su suka ce ruwa ya wadata."

"Kai yaro, ka saurare ni. Ka cika randunan nan kafin gobe."

"Don baƙonka ya ƙara sha ya lumshe ido? Nawa ne ladanka a ciki?"

Zakari bai taɓa yi wa babba magana haka ba, shi kansa sai da ya ji kunya ta kama shi. Haladu ya dube shi, ya kaɗa kai. "Na ɗauke ka a kafaɗa ranar da aka yi maka kaciya," ya ce, ya shige gidansa ya ja ƙyaure.

Wannan ma bai wanke shi a wurin Zakari ba. Ai dillali ya iya magana, ita ce jarinsa.

Ranar Juma'a Zakari ya yi salla a masallacin kasuwa, ya ƙi sauri da gangan, don su riga shi su gani da idonsu. Da ya shawo kwanar layinsu ya hangi farar mota a ƙarƙashin darbejiya. Elfadil yana tsaye da jallabiya da rawani, Mutaz a gefensa. Haladu ba ya wurin. Amma akwai wata a cikin motar, tsohuwa ƙanƙanuwa lulluɓe da farin tobe, dogon mayafin matan Sudan. Sai da ya matso ya gane ta: Hajja Sara ce, matar marigayi, uwar Elfadil, wadda rabon da ta fito unguwar nan tun Zakari bai fara aski da kansa ba.

Ya durƙusa a bakin motar ya gaishe ta da Larabci. Ta riƙe hannunsa ta tambayi Hajiya, ta tambayi mai jiki a Fau. Sannan Elfadil ya yi gyaran murya.

"Ya Zakari, ba zan ɓoye maka ba. Wannan bawan Allah yana son gidan, ni ma ina da bukata. Na gaya wa Hajja, ta ce akwai maganar mahaifina a kai. Na ce mata wannan tsohon zance ne, an ce mini ma kun daina cika randunan. Ta ce sai ta gani da idonta. In babu ruwa, ku kuka saki maganar, ba ni ba."

Sai yanzu Zakari ya gane. Ashe leƙen da mutumin ya yi ranar sukari ba na banza ba ne. Ashe abin da ake jira ke nan, shi kuma ya ɗauko da hannunsa ya miƙa. Ya tuno fuskar Hajiya a tagar mota.

"Ɗana," in ji tsohuwar, "ɗebo mini a sadakar Hajj in sha."

Ba yadda zai yi. Ya miƙe, ya nufi randunan yana shirya abin da zai ce. Sai da ya zo dab da su ya lura. Cikinsu ba fari ba ne. Sun yi duhu, suna gumi, har ɗigo yana sauka a kan ƙasa. Ya ɗaga murfin ta farko, ga ruwa ya wuce rabi. Ta biyu haka. Ta uku ce kawai ke da ɗan kaɗan a gindi.

Ya ɗebo ya kai mata. Hajja Sara ta yi bisimilla ta sha a hankali, ta tsaya, ta sake kurɓa.

"Bai gama sanyi ba," ta ce. "Kuma yana ƙanshin man riɗi." Ta yi 'yar dariya. "Haka rigar Hajj take ƙanshi in ya dawo daga kasuwa. Allah ya kai masa ladan." Ta miƙa wa ɗanta moɗar. "Sha."

Elfadil ya karɓa, amma bai sha ba. Ya je ya buɗe randunan ɗaya bayan ɗaya da kansa, ya daɗe a kan ta ukun.

"Jiya na wuce nan, a bushe suke," ya ce.

"Jiya na zo ko yau?" in ji uwarsa. "Ina raye ba za a tashi mutanen nan ba. In na mutu kai da Allah. Mayar da ni gida, zafi ya ishe ni."

Elfadil ya kalli Zakari, kallon da ke cewa zance bai ƙare ba, ya zagaya ya shiga mota. Mutaz ne ya rage a tsaye, ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

"Ban san akwai mutane a kan maganar ba, ya ustaz. An ce mini masu gadi ne. Ka yafe ni." Ya mayar da tabaraun. "Gaya mini tsakani da Allah, ruwan nan famfo ne?"

"Karo ne," in ji Zakari. "Jaki ke kawowa, in ya ga dama."

"Har nan ma?"

"Duk garin."

Mutumin ya yi wata dariya mara daɗi, ya ce zai gaya wa ɗan'uwansa ya daina aiko masa da mujalla. Ya ƙi shiga motar, ya tafi a ƙasa cikin ranar nan, Zakari yana kallon bayan rigarsa da ta jiƙe da gumi.

Da layin ya yi shiru, Zakari ya ɗebi ruwan ya kai hanci. Man riɗi ne, ba shakka. A duk layin nan gida ɗaya ne ake tara ruwa a tsofaffin jarkokin man riɗi, don mai gidan ya ce sayen sabuwa ɓarna ce. Ya juya ya dubi ƙofar Haladu. Ga jarkoki huɗu masu launin ruwan ɗorawa a jingine da zana, babu murfi, babu komai a ciki. Daga cikin gidan yana jiyo muryar matar Haladu tana faɗa, wai da me za ta dafa abincin rana, ruwan da ta tara tun shekaranjiya ya tafi ina.

Ya tsaya yana juya abin a ransa. Haladu ya san da zuwan tsohuwar, shi ya sa ya tare shi jiya. To amma wa ya gaya wa Elfadil an daina cika randuna? Wa ya ce wa baƙo masu gadi ne? Kuma ruwan nan, don Hajiya aka zuba shi, ko don baƙo ya ƙara gani ya so? Dillali in ciniki ya watse ladansa ya tafi, Haladu kuwa ya fi kowa sanin haka. Zakari ya auna ta nan, ya auna ta can, bai samu inda ta zauna daidai ba. Abu ɗaya ya tabbata, Hajiya za ta dawo ta tarar da guɗɗiyarta.

Ya shiga gida ya fito da sauran ruwan da ya ɓoye, ya juye a randa ta uku. Sannan ya tafi bakin titi ya tsaya a rana har mai karo ya ɓullo, ya kama linzamin jakin da kansa ya jawo shi layin. Aka cika randuna har baki. Mai karo zai juya, Zakari ya ce ya dakata, ya je ya kwaso jarkokin nan huɗu, aka cika su, ya yage leda ya toshe bakin kowace, ya jera su a inuwar zanan Haladu.

Yana ɗaure igiyar moɗa da ta kusa tsinkewa sai ya ji ƙarar ƙyaure. Haladu ya fito da 'yar shara, ya dubi jarkokin, ya dubi titi, bai dubi Zakari ba. Ya sunkuya ya ɗauki biyu ya shiga da su, ya dawo ya ɗauki biyun, ya tura ƙyauren da ƙafa.